DARASIN UWARGIDA: TSOFAFFIN FINA-FINAI DA WASANNIN TALABIJIN, WANNE ZA MU KUNNA WA IYALI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu ji da gani da hankali, kuma zai tambaye mu abin da muka yi da su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Abin da ya jawo darasinmu na wannan fitowa wani abu ne da ya faru a ajina na Islamiyya a nan Sabon Birni. Wata rana ina karɓar hadda, wani yaro ɗan shekara tara ya kasa kawo mini ayoyi biyar na Suratul Mulk da na ba shi tun mako guda. Da aka tashi, sai na jiyo shi a bayan aji yana kwaikwaya wa 'yan uwansa wani fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, tun daga farkon faɗa har ƙarshensa, bai tsallake kalma ɗaya ba, har da ashar ɗin da ke ciki. Na aika aka kira mini mahaifiyarsa. Baiwar Allah ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malama, mi kike so in yi? Tun rana ba ta hwaɗi ba muke kulle gida. Ba su zuwa dandali, ba su zuwa ko'ina. In ban ba su waya ba su hana ni sakat. Ni kau wallahi ban san abin da ac cikinta ba."

Ban ga laifinta ba. Duk wadda ke zaune a Sabon Birni ko Isa ko ƙauyukan da ke kewaye da su ta san yadda rashin tsaro ya sauya mana zama. Wasan dandali na farin wata ya zama labari, hirar ƙofar gida ta yi ƙaranci, kakannin da ke yi wa jikoki tatsuniya wasu sun rasu, wasu gudun hijira ya raba su da jikokin. Yaro kuwa ba ya zama haka nan, dole a cika masa dare da wani abu. Ko a shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da namu biyu, kallo bai tsaya ba, domin fina-finan suna cikin memori, kuma shagunan masu tura fim suna buɗe. Tun da yaran za su yi kallo ko mun so ko mun ƙi, abin da ya rage mana shi ne mu san me suke kallo, kuma wa ya zaɓa musu.

MATSAYIN ADDINI A TAƘAICE

'Yar uwa, kafin mu shiga jerin sunaye, mu fara aza tubali. A aya ta 6 ta Suratut Tahrim Allah Ya umarci muminai su kare kansu da iyalansu daga wuta. A aya ta 36 ta Suratul Isra'i Ya sanar da mu cewa kunne da ido da zuciya duk abin tambaya ne ranar gobe. A Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, Ya umarci maza da mata su runtse ganinsu daga haram. Sannan hadisin kiwo da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) ya ambaci mace musamman, cewa ita mai kiwo ce a gidan mijinta, kuma za a tambaye ta. Wayar da ke hannun ɗanki tana cikin kiwon nan.

A ɗaya ɓangaren kuma, Musulunci bai haramta nishaɗi mai tsabta ba. Ya tabbata cewa Nana A'isha (RA) ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci, Annabi (SAW) yana tsaye yana kare ta, har sai da ita da kanta ta gaji. Ki lura da abu uku a wannan ƙissa: abin da aka kalla babu alfasha a cikinsa, an kalla tare da mai gida, kuma an kalla an tashi. Ayar ƙarshe ta Suratu Yusuf ma ta nuna mana cewa a cikin labaran magabata akwai abin lura ga masu hankali. Ke nan labari hanya ce ta koyarwa.

Malamai sun yi saɓani a kan hoto da kiɗa da wasan kwaikwayo. Wadda malaminta ko mijinta ya tsaya a kan barin kallo gaba ɗaya, ta riƙe wannan, Allah Ya ba ta lada, kada wannan darasi ya sa ta buɗe ƙofar da ke rufe. Maganata da gidajen da kallo ya riga ya shiga ce, kuma su ne mafiya yawa a cikinmu.

YADDA KALLO YA SHIGO MANA

Kakata takan ba mu labarin majigi. Motar gwamnati ce ke zuwa gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar sarki bayan isha'i, gari duka ya fito. Abin da ake nunawa shi ne noma da tsabta da kiwon lafiya da yaƙi da jahilci. Fim ɗin da ya fi suna a wancan zamani shi ne Baban Larai, wanda aka yi a shekarun 1950 don koya wa manoma noman zamani. Daga baya aka buɗe gidan talabijin a Kaduna a 1962, na Sakkwato ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1970, sannan a 1977 aka haɗe gidajen talabijin na ƙasar nan a ƙarƙashin NTA. A nan ne wasannin kwaikwayo na Hausa suka yi tashe. Fim ɗin Hausa na kaset kuwa ya fara ne a Kano a 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa. Kafin shekara goma ta cika, waƙa da rawa irin ta Indiya sun mamaye harkar, har gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001.

Abin lura a nan shi ne, a da akwatin talabijin ɗaya ne a unguwa, babba da yaro a tabarma ɗaya suke kallo, shi ya sa masu shirya wasan suke jin nauyin abin da za su faɗa. Kuma shiri yana da lokacinsa, in ya ƙare sai wani mako. Yau kallo ya koma cikin tafin hannu, ƙarƙashin bargo, ba mai gani, ba ranar ƙarewa. Dalilin da ya sa nake ba da shawarar mu waiwayi na da ke nan: an yi su ne don a kalla a gaban iyaye.

WASU DAGA CIKIN NA DA, DA DARASIN DA KE CIKINSU

1. Shaihu Umar. Marigayi Adamu Halilu ne ya shirya wannan fim a 1976, daga littafin da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana malamin makaranta a shekarun 1930. Labarin wani babban malami ne da almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya ba su tarihinsa. Mahassada sun ƙulla wa mijin uwarsa, Makau, sharri a fada har aka kore shi. Aka sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetara hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi. Uwarsa kuwa ta bar komai ta bi sawunsa, har ita ma aka bautar da ita, kuma ba ta daɗe da ganinsa ba Allah Ya karɓi ranta. Fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. A yankinmu, inda kusan kowace zuriya ta ɗanɗana raɗaɗin a ɗauke mata mutum, wannan labari ba baƙo ba ne. Yana koya wa yaro sharrin hassada, da haƙurin uwa, da cewa jarrabawa ba ta hana mutum zama malami. Ya haura awa biyu, don haka ki raba shi dare biyu ko uku.

2. Idon Matambayi. Wannan namu ne, na NTA Sakkwato, kuma da yawanmu da shi muka tashi. Da harshenmu ake yin sa, da irin tufafinmu, a kan rigingimun da muka sani: zaman gida, maƙwabtaka, yaudara, da shari'ar fada. Ko ba komai, yaron da ya koyi Hausar fassarar Indiya zai ji yadda ake gaida manya da yadda dattijo ke yin magana da karin magana.

3. Magana Jari Ce. Littafin Alhaji Abubakar Imam ne, wanda kashi na farko ya fito a 1937, NTA Kaduna kuma ta mayar da shi wasan talabijin a shekarun 1980. Marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, yana cikin fitattun da suka yi shi. Aku ne ke riƙe ɗan sarki da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon maƙiya. Kin ga ai halin da muke ciki ke nan, muna neman abin da zai riƙe mana yara a cikin gida. Amfaninsa biyu ne, domin in yaro ya kalli labari ɗaya, sai ki ce ya karanta miki na gaba daga littafin.

4. Samanja Mazan Fama. Marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa, shi ya fito da wannan wasa a Kaduna, ya rasu a watan Nuwamba na 2023. Wasan barkwanci ne a kan zaman bariki, da Hausar soja mai gauraye da Turanci. Dariya ce zalla, amma a ƙarƙashinta akwai bin doka, da kiyaye lokaci, da zaman lafiya tsakanin ƙabilu.

5. Kuliya Manta Sabo. Wasan talabijin ne daga Kano, a kan zaman kotu. Sunan kaɗai darasi ne: alƙali ba ya duba sanayya. Bayan an kalla, ki tambayi yaran hukuncin shaidar zur, ki tuna musu cewa Annabi (SAW) ya lissafa ta cikin mafiya girman zunubai.

6. Kulɓa Na Ɓarna. Wasan Umaru Ɗanjuma Katsina ne da aka mayar fim a farkon shekarun 1990. Labarin 'yar makaranta ce da wani mai kuɗi ya ruɗe ta da abin duniya har ya lalata mata rayuwa. Wannan ba na ƙananan yara ba ne. Ki kalle shi ke da 'yan matanki da suka fara tasawa, domin zai buɗe miki ƙofar maganar da kunya ke hana ki farawa.

7. Umar Mukhtar. Fim ne na Mustafa Akkad, mutumin Siriya, wanda ya fito a farkon shekarun 1980. Tarihin wani malamin allo ne na ƙasar Libiya da ya shafe kusan shekara 20 yana yaƙi da mamayar Italiya, har suka kama shi suka rataye shi ranar 16 ga Satumba, 1931, yana da shekara fiye da 70. Wurin da na fi so a nuna wa samari shi ne inda ya hana mutanensa kashe fursunan yaƙi. A nan za ki bambance musu tsakanin wanda ya ɗauki makami don kare raunana, yana tsoron Allah, da wanda ya ɗauka don ya ci dukiyarsu. Sai dai akwai harbe-harbe da rataya a ciki. Yaron da ya taɓa jin ƙarar bindiga a garinsu, ko yake firgita cikin barci, kada a kunna masa.

8. Ar-Risala. Shi ma na Mustafa Akkad ne, ya fito a 1976 da Larabci da kuma Turanci, a kan farkon Musulunci: azabar da aka yi wa Bilal da iyalan Yasir, hijira zuwa Habasha da Madina, Badar da Uhudu, har zuwa buɗe Makka. Ba a nuna Annabi (SAW) ba, ba a sa muryarsa ba, haka ma halifofi huɗu. Amma an nuna wasu sahabbai kamar Sayyidina Hamza da Bilal (RA), kuma malamai da yawa ba su yarda a kwaikwayi sahabbai ba. Saboda haka ki tambayi malaminku tukuna. In an kalla, a gaya wa yara cewa waɗannan 'yan wasa ne, kuma fim ba hujja ba ne a addini. Tarihin Annabi (SAW) a littafi ake ɗaukarsa, irin su Ar-Rahiƙul Makhtum, a gaban malami.

TSUFA BA YA WANKE FIM

Kada wata ta ce Malama ta ce duk tsohon fim halas ne. A'a. A cikin wasannin da akwai fitowar da ake zuwa wurin boka buƙata ta biya, akwai inda ake mayar da dukan mace abin dariya, akwai inda ake yi wa wata ƙabila ko mai naƙasa ba'a. Tsofaffin fina-finan Indiya da iyayenmu ke yabo saboda kunyar da ke cikinsu, da yawansu akwai wurin da ake durƙusa wa gunki ana roƙonsa, kuma a nuna roƙon ya karɓu. Wannan ya fi tsiraici haɗari, domin tauhidin yaro yake taɓawa. Don haka kowane fim, tsoho ko sabo, ki ɗora shi a kan wannan ma'auni:

Na ɗaya, aƙida. Shin an nuna wani yana biyan buƙata ko sanin gaibu ban da Allah, kuma labarin ya gaskata shi?

Na biyu, kunya. Za ki iya kallonsa surukarki tana zaune? In za ki kai hannu ki rufe, to ba na gidanki ba ne.

Na uku, harshe. Abin da yaro ya ji yau, gobe shi zai faɗa wa ƙanensa.

Na huɗu, makomar mugu. In ɓarawo ko ɗan daba shi ne gwarzon fim, ya ci dukiya ya zauna lafiya, to me aka koya wa yaron da ke ganin irin wannan a zahiri?

Na biyar, tsoro. Yaranmu sun ga abin da ya ishe su. Kada mu ƙara musu da jini a allo.

YADDA ZA KI TSARA KALLO A GIDA

Ki fara da shawartar mai gida, domin doka ba ta tsayawa in uwa ta hana uba ya miƙa waya. In kuna da abokiyar zama, ku haɗa baki, don yaron da aka hana a ɗakinki ɗakinta zai nufa.

Ki sayi memori ɗaya na iyali, ya zauna a hannunki. Kada ki aiki yaro shagon tura fim da kuɗi ki ce a cika masa. Na taɓa karɓar memori a hannun wata ɗalibata, sunan da ke kan fayil wa'azi ne, abin da ke ciki kuwa ba ya faɗuwa. Ki rubuta sunayen da kike so a takarda, ki ba mai gida ko babban ɗanki mai hankali. Wasu daga cikin waɗannan wasanni ana samun su a YouTube, wasu kuma sai an tambayi masu tsofaffin kaset. Inda masu abin suke sayarwa da kansu, a saya a wurinsu, domin haƙƙin mai gumi ba ya faɗuwa don abin ya tsufa.

Ki riga yaran kalla, ko da kina tsinke zogale ne ko kina tankaɗe. Abin da ba ki gani ba kada ki kunna.

Ki yanka lokaci. Tsakanin magariba da isha'i na tilawa ne da bitar karatun boko. Kallo sai bayan isha'i, fitowa ɗaya, a kashe. A gidana daren Alhamis da na Juma'a muka ware, tun da ranakun hutun Islamiyya ne, kuma wanda bai kawo haddarsa ba ba ya zama. In aka kira salla ana cikin kallo, a dakatar nan take, don yaro ya san wanne ne gaba.

A kalla tare, a tsakar gida ko a ɗaki ɗaya. Ko waya ce, a jingine ta a jikin kwano kowa ya gani. In an gama, kada a watse. Ki tambaye su: wa ya yi daidai? Wa ya yi kuskure? Da kai ne, me za ka yi? Wace aya ko hadisi wannan ya tuna muku? Minti goma na wannan hira ya fi awa biyu na kallon amfani.

Sannan kada fim ya kore tatsuniya. In akwai tsohuwa a gidan, a ba ta darenta. A ƙasar Gobir muke, ga kufan Alƙalawa kusa da mu, birnin da ya faɗi a 1808. Yaranmu nawa ne suka san labarin Bawa Jan Gwarzo da zamansa da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo? Nawa ne suka san Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da jajojinta na 'Yan Taru da ke bin ƙauyuka suna kai wa matan aure karatu har cikin gida? Ita ta duba abin da matan zamaninta ke saurare, wato waƙa, ta zuba musu ilimi a ciki. Mu ma mu duba abin da 'ya'yanmu ke kallo mu yi dabara irin tata.

Yaron da na ba ku labarinsa, mahaifiyarsa ta karɓe memorin, ta sa aka zuba mata Magana Jari Ce da wasu wasannin Sakkwato. Makon farko an sha kuka da fushi. Ba zan ce muku ya zama hafizi ba, amma ya kawo Suratul Mulk, kuma ashar ta bar bakinsa. Ƙwaƙwalwar da ta haddace faɗan fim ita ce dai ta haddace surar.

TAMBAYOYIN BITA DON ZAMAN TA'ALIM

1. Kawo ayoyi biyu da hadisi ɗaya da ke nuna nauyin da ke kan uwa game da abin da iyalinta ke kallo.

2. Waɗanne abubuwa uku muka koya daga ƙissar Nana A'isha (RA) da wasan Habashawa?

3. Me ya sa fim ɗin da babu tsiraici a cikinsa zai iya zama haɗari ga yaro?

4. A daren yau, ki karɓi wayar da yaranki suka fi riƙewa, ki buɗe ta a gabansu. Fim nawa ne a ciki, kuma nawa kika taɓa gani? Ki zo da amsar zama na gaba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mini. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare idanunmu da kunnuwanmu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Najeriya baki ɗaya, har yaranmu su koma wasan farin wata. Amin.